Taku 35 a Titin Haɗeja

Tun azumin 2016 ban ƙara amsa waya ina bisa abin hawa ba. Ko mahaifiyata ce ta kira, sai na nemi gefe na tsaya. Fasinjoji da yawa sun yi min tsaki a kan haka, wasu ma sun sauka sun tari wani. Abokan sana'a kuwa cewa suke na cika tsoro. Mutum huɗu kaɗai na taɓa gaya wa dalili. Yau na ga gara in faɗa kowa ya ji, domin azumi ya sake ƙaratowa, kuma na san yadda titunan Kano suke komawa idan rana ta yi ja.

Ni ɗan sahu ne. Kafin nan acaɓa na yi. Na fara a 2006 ina da shekara 19. Kwana uku wani yayana ya yi yana koya min mashin a filin ƙwallon unguwarmu, rana ta huɗu na ɗauki fasinja zuwa Bata. Giya ya nuna min, da birki, da totur, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga ma'anar farin layin da ke kwance a kan kwalta, ko wa ya kamata ya jira wani a shataletale. Titi ne makarantarmu, darasinsa kuma ɗaya ne: mai ƙarfi shi ke da hanya. Mai tirela ya matse mai bas, mai bas ya matse ɗan acaɓa, ɗan acaɓa ya huce a kan mai keke, mai keke kuma ba shi da wanda zai daka wa tsawa sai mai tafiya a ƙasa. A gida an raine mu a kan babba juji ne, shi ke haƙuri da na ƙasa da shi. Da mun hau kwalta sai mu kifar da maganar, ƙarami ne zai kauce ko a bi ta kansa.

Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce daga 1 ga Janairun 2009 dole kowa ya sa hular kwano, ina cikin masu gunaguni. A nan Kano har ƙwarya wasu suka kifa a ka suka ɗaure da igiya, labarin ya kai gidajen rediyon ƙasashen waje, muka yi ta shewa a tasha. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a mashin. Na sayar da nawa, wani Alhaji a unguwarmu ya ba ni Adaidaita Sahu ina kawo masa balas kullum. Ƙafa ta zama uku, na samu rumfa a ka, amma hannun da ke tuƙin bai sauya ba. Ƙari ma aka samu, domin yanzu na fi mai mashin girma, na samu sabon wanda zan matse.

Muna cikin goma ta wuya abin ya faru. Na sauke fasinjan ƙarshe a 'Yankaba shida da rabi ta gota. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar leda da ƙura tana watsa wa mutane a ido. Kowa gudu biyu yake yi, gudun ruwan sama da gudun shan ruwa. Masu mota suna ta danna oda, masu mashin suna kurɗawa ta kowace kafa, wasu sun biyo hannun da ba nasu ba. Ni ma na sayi ƙanƙara na ajiye a bayan kujera tana narkewa, na murɗa totur na nufi gida wajen Dakata.

Na hango shi tun daga nesa. Wannan ita ce maganar da ta fi yi min nauyi, shi ya sa na fara da ita. Dattijo ne a kan tsohon keke Raleigh, da farar riga da ta sha wanki, da kwando wayam ɗaure a kariya, alamar ya sayar da kayan gwarinsa zai koma gida. Yana tafe a gefen titi, inda masu keke suke bi. A gabansa wata mota ta tsaya rabi a kan kwalta, mai ita yana cinikin kankana ta taga. Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san dole dattijon nan ya karkato cikin titi ya kewaye motar. Ni ma na sani. Idona ya gani, hankalina ya ɗauka. Sai waya ta yi ƙara a aljihun gaban rigata, na sunkuya na zaro ta in ga mai kira.

Da na ɗago, bayansa ne ya cika min gilashi.

Na taka birki, amma sai bayan na ji ƙarar. Keken ya shige ƙarƙashin ƙafar gaba, shi kuma ya yi sama ya faɗo, ƙeyarsa ta daki bakin simintin lambatu. Hularsa ta gangara cikin ruwan kwata. A hannun keken akwai wata 'yar leda a rataye da dabino da ƙosai, ita ko tsinkewa ba ta yi ba.

Kafin in sauko an yanyame mu. Wani ya shaƙe min wuyan riga, wani ya kwaɗa min mari, wasu samari sun ɗaga waya suna ɗauka. Ban ga laifin wanda ya mare ni ba har yau. Wani mai shayi ne ya ratso yana cewa, "Ku bar dukan nan, ku ɗauki bawan Allah!" Sai muka ɗauke shi yadda muka iya, biyu a hannu biyu a ƙafa, kansa yana reto. Wani ya kawo ruwan leda yana ƙoƙarin ɗura masa, wai an kusa kiran salla. Daga baya a asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta yi min bayani a hankali, ba da faɗa ba, cewa wanda ya bugu a ka ko a wuya ba a ɗaga shi haka. Ana tallafe kan da wuyan su tsaya a miƙe da jiki, a kwantar da shi a kan wani abu mai faɗi kamar katako, kuma ba a ba wanda ya suma ruwa domin yana iya bi ta hanyar numfashi. Ta ce akwai lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra, kyauta ake kiranta. Shekara goma ina kan titi, ranar na fara jin waɗannan abubuwa. Mu kusan talatin ne a wurin, kowa da niyyar taimako, babu ko ɗaya da ya sani.

A cikin sahuna muka kai shi Asibitin Murtala. Wani yaro ne ya tuƙa, ni ina baya na ɗora kan dattijon a cinyata. Muna hanya aka kira salla, masallatai suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ruwa kuma ya kece. Jinin da ke fita ta kunnensa yana haɗuwa da ruwan ƙanƙarar da na saya yana bin ƙasan sahun. Ina ta ce masa, "Baba, sannu. Baba, ka yi salati." Bai amsa ba. Leɓensa ya motsa sau ɗaya.

An karɓe shi a sashen gaggawa, likitoci suka rufu a kansa. A aljihunsa aka samu wata takarda da lambar babban ɗansa. Wajen ƙarfe tara ya iso, jiƙe sharkaf, magidanci da zai girme ni da kamar shekara goma. Na miƙe ina rawar jiki na ce, "Yaya, ni ne na buge shi." Ya dube ni, ya dubi jinin da ke rigata, ya ce, "Ka sha ruwa?" Na ce a'a. Ya fita ya sayo ruwa da burodi ya miƙo min. Da duka ya rufe ni da shi, da na fi samun sauƙi.

Kwana biyu dattijon ya yi bai farfaɗo ba. Daren na uku, gab da sahur, Allah ya karɓi abinsa.

Ba zan tsaya a kan zancen 'yan sanda ba. An rubuta abin da za a rubuta, dangi suka ce ba sa neman shari'a, manya suka sa hannu, aka sake ni. An tambaye ni yadda aka yi, na ce hadari ne da ƙura, kuma ya karkato ban ankara ba. Duk gaskiya ne. Wayar ce ban ambata ba.

Ranar sadakar uku muka je ƙauyensu a hanyar Gezawa, ni da baffana da Alhajin da ya ba ni sahu da mai unguwarmu. Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida. Baffana ya yi magana, ya kawo zancen diyya. Babban ɗan ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, a bar maganar nan. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kwanansa ne ya ƙare. Mun yafe duniya da lahira." Jama'a suka yi ta sa musu albarka. Sai aka ce in shiga in gaida uwargidan marigayin. Na durƙusa a bakin ƙofa, tana bayan labule, muryarta kawai nake ji. Ta amsa gaisuwa, ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, kai ne kake wurin. Malam ya samu ya sha ruwa kuwa?" Na ce, "Inna, ba a kira salla ba tukuna." Ta ce, "Allah sarki. Da azuminsa ya tafi ke nan." Ta yi min addu'a, ni da na kashe mata miji, ta ce Allah ya tsare gaba.

A hanyar dawowa kowa yana ce min in gode wa Allah na faɗa hannun mutanen kirki, ƙaddara ce, in cire abin a raina. Na so in cire. Barci ne ya ƙi. Da na rufe ido sai in ga farar rigar nan ta cika gilashi.

Ana saura kwana biyu salla na je wurin malamin da na yi allo a gabansa. Na ba shi labari duka, har da wayar. Shi ne mutum na farko da na gaya wa. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Diyya haƙƙinsu ce, sun yafe, ta faɗi. Kaffara haƙƙin Allah ce, ba mai yafe maka ita." Ya karanto min aya ta 92 a Suratun Nisa'i, ya fassara, ya ce abin da ya hau kaina azumin wata biyu ne a jere. Ya ce in fara washegarin salla domin in kammala kafin babbar salla ta katse min. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to amma ba ƙaddara ba ce?" Ya ce, "Ƙaddara ce mana. Ajalinsa ya zo, ko kana nan ko ba ka nan. Amma kai ba a kan ajalinsa za a tambaye ka ba. A kan idonka da hannunka za a tambaye ka, ina ka kai su." Ya tuna min hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba hanya haƙƙinta, kuma cikin haƙƙin akwai kame cuta daga mutane. Ya ce mun haddace wannan a kan masu zaman bakin titi, mun manta ya fi hawa kan wanda ya ɗauko ƙarfe yana gudu da shi a tsakiyar jama'a.

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, a kai zan mutu in Allah ya yarda. Abin da na daina yarda da shi shi ne yadda muke mayar da ita bargo muna lulluɓe ganganci. Kalmar tana da kyau a bakin wanda aka yi wa rashi, domin haƙuri ce. A bakin wanda ya yi ɓarnar kuwa, sau da yawa mafaka ce. Ni na ɓuya a cikinta kwana goma sha, na san daɗinta.

Wata biyun nan ban taɓa sahu ba. Ina zaune a gida ina azumi mutane suna cin tuwon salla. Wata rana ƙanena da ke koyar da lissafi a sakandare ya tambaye ni gudun nawa nake yi a lokacin. Na ce bai wuce 50 ba, kuma ai kilomita 50 a awa doka ta yarda da shi a cikin gari. Ya ɗauki biro ya yi 'yan rubuce-rubuce a bayan kwalin magani, ya ce mai gudun 50 yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Ya ce, "Yaya, daƙiƙa nawa ka yi kana duba wayar?" Na ce kamar biyu. Ya ce mita 28 ke nan na yi ido a rufe, kafin ma ƙafata ta nemi birki, shi kuma birkin yana da tasa tafiyar kafin ƙarfe ya tsaya.

Lamba ba ta shiga kaina sai na gani. Washegari da sassafe na tafi wurin a ƙafa. Na tsaya daidai inda nake jin na sunkuya, na fara takawa ina ƙirgawa har bakin lambatun. Taku 35. Na koma na sake, 35. A cikin takun nan na wuce teburin mai lemo, da bakin wani lungu da yara suke fitowa, da wurin da mata suke tsayawa jiran abin hawa. Duk na ratsa su ban ga kowa ba. Dattijon ne kawai Allah ya sa a ƙarshen layin. Da yaro ne ya fito daga lungun, shi zan kwasa. Na zauna a bakin kwatar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Keken yana wurin mai shayin nan, ya adana shi. Na kai wa mai gyara ya sauya ƙafar baya da sarƙa da kariya, na sa aka ɗaura masa fitila a gaba da jan abin nan mai ƙyalli a baya. Da na gama kaffara na ɗora shi a mota na kai ƙauyen. Na samu babban ɗan a gona ana yankan gero. Na ja shi gefe na ce, "Yaya, akwai abin da na ɓoye muku." Na gaya masa na ga mahaifinsu tun daga nesa, na gaya masa zancen waya. Ya tsaya da lauje a hannu bai ce komai ba. Can ya ce, "Wa ya kira ka?" Na ce mai ɗakina. Ya ce, "Lafiya?" Na ce tambaya za ta yi ko na samo ƙanƙara.

Ya ce, "Ƙanƙara." Ya sake cewa, "Ƙanƙara."

Ya juya min baya ya daɗe yana kallon gonar. Da ya juyo idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Na riga na ce na yafe, magana kuwa zarar bunu ce. Amma kada Inna ta ji wannan. Ka bar ta da abin da ta sani." Na yi masa alkawari, na kuma riƙe har Allah ya yi mata rasuwa. Mai ɗakina ma sai bayan shekara biyu na gaya mata, domin na san za ta ɗora wa kanta, alhali ita kira kawai ta yi. Ni ne na zaɓi in duba.

Na koma tuƙi domin ba ni da wata sana'ar, ga yara. Amma titin ya sauya min kama. Da can motoci nake gani, da kafar da zan kurɗa. Yanzu mutane nake gani: tsohuwar da ta sa ƙafa ɗaya a kwalta ta janye sau uku, almajiri da robarsa yana jiran ya ruga, mai turin kura da jarkoki goma sha biyu da ba zai iya tsayawa farat ɗaya ba, ɗan makarantar da aka sako shi da keken da ya fi shi tsawo. In na hango mai keke, nakan duba gabansa ne, in ga abin da zai sa ya karkato, rami ne ko tarin yashi ko motar da ta tsaya, sai in sassauta in ba shi fili tun kafin ya nema. Na taɓa ji a rediyo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu mashin. Ban yi mamaki ba. Su ne ba su da ƙarfe a jikinsu.

An yi wa Kano gadoji, Ƙofar Nassarawa da Kabuga da Dangi da sauransu, mota tana wucewa sumul, kuma mun ji daɗinsu. Sai dai har yanzu mai keke ba shi da layinsa, gefen da aka bar wa mai ƙafa kuma 'yan tebur da masu ajiye mota sun cinye, dole ya sauko kwalta. Su ma masu ƙafar suna da nasu. Ga gadar tsallaka a kansu, sai su bi ta ƙasa su haura shinge. Ga mai baƙaƙen kaya da daddare yana tafe ya ba motoci baya. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka inda babu wurin masu ƙafa, gefen hagu ya kamata mutum ya bi yana fuskantar abin da ke tahowa. Na koya wa 'ya'yana wannan kafin su iya karatun Hausa. Amma ba na son in ja zancen laifinsu da tsawo, ba a bakina ya dace ba. Dattijon da na buge yana kan hannunsa, da farar riga, da sauran hasken rana. Ba abin da ya yi ba daidai ba.

Da azumi, shida da kwata tana yi nake ajiye sahu duk inda nake. In nemi masallacin bakin titi, in zauna cikin baƙin fuska, a miƙo min dabino da kunu. Sai an idar da salla titi ya huce nake kama hanyar gida. Yarana sun saba shan ruwa ba da ni ba, kuma ba mai kirana a wannan lokacin. Daga inda nake zaune ina kallon 'yan'uwana suna wucewa kamar an harbo su, wani da waya a kunne, wani da yara huɗu a kan mashin, gabana yana ta faɗuwa har a kira salla.

Keken yana nan. Jikan marigayin ne yake hawa zuwa makaranta, na gan shi bara da na je gaishe su, fitilar ta mutu na sa aka sauya wata. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa dattijon nan a addu'a. Manomin rani ne, mai latas da tumatir. Ya bar 'ya'ya bakwai, autarsa tana aji uku na firamare a lokacin.